Ni da Wawan Majigi

A ofishin lafiya na Kaduna na fara saninsa, a farkon shekarun hamsin, lokacin Turawa na nan amma an fara maganar tafiyarsu. Ni daga Zariya aka turo ni bayan na gama makarantar midil na yi ɗan kwas na aikin akawu. Shi kuwa ɗan gari ne, in har akwai ɗan gari a Kaduna ta wancan zamani. Iyayensa Katsinawa ne, mahaifinsa tela a babbar kasuwa, shi kuma a nan aka haife shi. Tebur ɗaya aka ba mu a bakin taga. Ni ina tattara rahotannin dubagari, shi yana bugawa a tafireta.

Waɗanda suka san shi daga baya a talabijin sukan ɗauka duk inda ya zauna sai an yi ta dariya. Ba haka yake ba. Ba mai surutu ba ne, ba kuma miskili ba. Dogo ne siriri, mai dogon wuya, kunnuwansa sun ɗan buɗe. Yana zuwa aiki a kan lokaci, bugunsa ba ya da yawan kuskure, in aka yi hira yakan sa baki kamar kowa. Abin da ya bambanta shi da mu shi ne kallo. Mutum zai shigo ofis ya yi abin da ya kawo shi ya fita, mu mun manta da shi, shi kuwa ya riga ya ɗauke yadda mutumin yake ɗaga ƙafa da yadda yake riƙe hula.

Na fara gane haka ne a kan babban akawunmu, wani dattijo mai tumbi da ke tafiya kamar yana ɗauke da ƙwaryar da ta cika da nono. Wata rana ya wuce ta gabanmu zuwa ofishin Bature. Abokina bai tashi ba, bai ce uffan ba, hannuwansa na kan tafireta. Kafaɗunsa kawai ya ɗan ja baya, ya sauke haɓa, ya lumshe ido ɗaya. Sai ga babban akawu zaune kusa da ni. Dariya ta ƙwace mini, na mai da ita tari. Da na ɗago, har ya ci gaba da bugunsa.

Daga baya muka kama haya gida ɗaya a Abakpa, ba nisa da layin dogo, ɗakina na kallon nasa. Mukan tafi aiki a keke mu dawo tare. Tafiya da shi tana da ɗan wahala, don yakan tsaya. Zai ga mahauci na rantsuwa a kan nama, ko sojan da ya sha ya ƙoshi yana ƙoƙarin tafiya a miƙe, ko tsohuwa na ciniki da mai itace, sai ya sauke ƙafa ɗaya ya tsaya. Ba ya dariya, kallo kawai yake yi. In na ce mu tafi, sai ya ce, "To, Malam, bari ta gama." Malam yake ce mini tun daga farko, ko da yake tsakaninmu ba wata tazara.

A lokacin ma'aikatan gwamnati suna da wata ƙungiya da ke haɗuwa ran Asabar da la'asar a zauren wata makaranta. Akan yi muhawara, wani lokaci a yi wasan kwaikwayo. Masu wasan duk akawuna ne da malaman makaranta, kuma kowa so yake a ba shi likita ko alƙali ko Bature, don ya sa kwat ya yi Turanci a gaban jama'a. Baƙauye ba mai so. Ranar da aka shirya wani wasa a kan zuwa asibiti, aka yi ta tura wa juna baƙauyen, sai abokina ya ce a ba shi.

Abin da aka rubuta masa bai wuce ya shigo, likita ya tambaye shi inda ke ciwo, ya nuna cikinsa ba. Da ya shigo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmi. Ya ajiye, ya yi taku biyu, ya waiwaya ya dube su. Ya koma ya ɗauka ya sa a hammata. Likita ya miƙo masa hannu, ya rasa yadda zai yi, sai ya miƙa wa likita takalmin ya riƙe masa, sannan ya durƙusa ya yi gaisuwa. Malamin da ke yin likitan ya tsaya da takalmi a hannu, ya manta abin da zai ce. Zauren ya ɗauka da dariya. Na ga wani babban ma'aikaci da ban taɓa ganin haƙoransa ba yana share ido da bakin riga. Shi kuwa mai abin fuskarsa cike da ladabi da damuwa, kamar wanda da gaske yake tsoron kada a sace masa takalmi a asibitin gwamnati.

Cikin masu kallo akwai wani mutum daga ofishin watsa labarai, wanda ke aiki da masu majigi. A wancan zamani gwamnati kan shirya gajerun finafinai na wayar da kai, a ɗora a mota a zaga gari da ƙauye ana nunawa a fili. Kusan duk tsarinsu ɗaya ne: mutum biyu, ɗaya mai hankali yana bin abin da aka ce, ɗaya wawa yana ƙi, a ƙarshe wawan ya sha wuya. Suna shirin yin ɗaya a kan kurkunu, wato tsutsar nan da ake sha a ruwan kududdufi ta fito wa mutum a ƙafa. Sun sami wawa, wato abokina. Da suka tambaye shi ko ya san wanda zai yi mai hankali, sai ya ba da sunana.

Na ce masa, "Ni da ban taɓa hawa dandali ba?"

Ya ce, "Ai shi ya sa. Ba abin da za ka yi. Fuskarka ba ta motsi, Malam, ita nake so."

Aka rubuto wa ofishinmu, aka ba da aron mu. Tunda fim ɗin na lafiya ne, babban akawu bai iya cewa komai ba, sai dai ya ce mu dawo da mutuncinmu.

A Rigasa aka ɗauka, lokacin tana ƙauye, gonaki da bukkoki da hanyar da mota ke nutsewa in an yi ruwa. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo. Mai ɗaukar hoton Bature ne ja, mai yawan gumi, yana da tafinta da yara masu riƙe wasu alluna masu ƙyalli da ake haska mana fuska da su. Aikin yawanci jira ne. A jira rana ta fito daga gajimare, a jira akuya ta wuce, a jira mutanen ƙauye su daina leƙen na'urar. Ni an sa mini farar riga da hula mai kyau. Shi an ba shi wata tsohuwar riga da aka yayyaga da gangan aka lilliƙa mata faci.

Ba a ɗaukar murya. Abin da ido zai gani kawai ake so, bayani sai ranar nunawa. Aikina shi ne in ɗebo ruwa a kududdufi, in shimfiɗa farin ƙyalle a bakin tulu, in tace, in nuna wa maƙwabcina dattin da ya rage a ƙyallen. Shi kuma an ce ya yi dariyar raini, ya kaɗa kai, ya sha nasa ba tacewa.

Ya ce wa tafinta, "Gaya masa ba wanda zai yi haka. In maƙwabcinka ya nuna maka abu, ko ba ka yarda ba ai ka gwada a gabansa."

Baturen ya ce to ya gwada a gani. Sai abokina ya karɓi ƙyallen da hannu biyu, ya dube ni yana gyaɗa kai kamar ya gane sarai. Ya shimfiɗa a bakin ƙwarya, ya zuba ruwa a hankali, yana satar kallona ko ya yi daidai. Da ruwan ya gama tsiyaya, sai ya ɗaga ƙwaryar ya watsar da tataccen ruwan, ya dunƙule ƙyallen da dattinsa, ya ɗaga kai ya matse a baki. Ya haɗiye, ya yi hamdala, ya miƙo mini ƙyallen da godiya.

Yaran alluna suka zube don dariya. Baturen ya janye daga na'urarsa yana riƙe da ciki. Ni kaɗai ban yi dariya ba, ba don komai ba sai don an ce kada in motsa, kuma ban san an daina ɗauka ba. Haka aka bar shi a fim ɗin. Sauran kwanakin, Baturen yakan faɗi abin da yake so, sannan ya tambayi abokina yadda zai yi shi.

Sai bayan watanni fim ɗin ya dawo daga inda aka kai shi wanki. Aka ce za a fara nunawa a wani fili kusa da unguwarmu, bayan sallar magariba. Motar majigi ta zo da injin wutarta, aka kafa farin allo, yara suka cika gaba, manya a tsaye a baya, mata can gefe. Mai bayani na zaune a cikin mota da lasifika, shi ke faɗin abin da ke faruwa, shi ke sa wa mutanen fim magana a baki. Muka tsaya can baya, abokina ya ja hula ya rufe goshi.

Ban ji daɗin ganin kaina ba, ban kuma ji kunya ba. Wani mutum ne mai farar riga yana tace ruwa. Amma da wawan ya fito, tun kafin ya yi komai, daga tafiyarsa kawai, fili ya fara motsi. Da aka zo wajen matse ƙyalle, ihun da aka yi ya danne ƙarar inji. Mutane suka ce sai an mayar, aka mayar. Har inda kurkunu ya kwantar da shi, ƙafa a kumbure, gonarsa ta cika da ciyawa, inda aka so mutane su yi shiru su tsorata, dariya ake yi, don yadda yake korar kaza daga tabarmarsa da lafiyayyar ƙafar.

Na dube shi, na ga ransa a ɓace.

Na ce, "Lafiya? Ai abin ya karɓu."

Ya ce, "Ba ka ji mutumin nan ba? Yana magana a inda ya kamata ya yi shiru. Kafin in matse ƙyallen ya riga ya ce zan matse."

Abin da ya dame shi ke nan duk daren. Bai san mahaifinsa na cikin masu kallo ba.

Washegari Lahadi, aka aiko daga kasuwa cewa tsohon na neman mu, mu biyu. Rumfarsa na layin teloli, ƙarama, keken ɗinki ɗaya da tabarma da tarin yadi. Abokina shi ne ɗansa na fari, don haka ba ya kiran sunansa, ba ya kuma yawan yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa bai daina taka keke ba. Sai da ya kai ƙarshen layin ɗinkin ya yanke zare, sannan ya dube ni.

"Malam akawu, jiya na ga abin da kuka yi."

Na ce, "To, Baba."

"Kai dai an sa maka riga ta mutunci. Wannan abokin naka, wa ya ba shi abin da ya sa?"

Na ce masu fim ne suka kawo.

Ya ajiye almakashi. Sannan ya ce, "Duk layin nan sun gani. Tun safe ake zuwa ana yi mini barka, ban san ta mece ce ba. Ɗan tela a gaban duniya da tsumma." Ya jawo wani yadi ya shimfiɗa. "Kuma tsumman ma na ƙarya. Wane matalauci ne rigarsa ke yagewa a ciki? A kafaɗa take fara ci, da bakin aljihu, da inda ake zama. Facin nan kuma wanda ya yi shi bai taɓa riƙe allura ba."

Abokina kansa na ƙasa, ya ce, "Baba, a gafarce ni."

Tsohon bai dube shi ba. Ya ce mini, "Ka gaya masa ban ce na ji daɗi ba. Na kai shi makaranta don ya zauna a kujera ne. Amma in ya ce sai ya yi, kada ya ƙara sa ɗinkin wani. Ya kawo nan."

Haka kuwa aka yi. Duk rigunan da ya yi wasa da su a shekarun nan, tsohon ne ya ɗinka, daga tsofaffin rigunan da yake saye wajen 'yan gwanjo. Bai ƙara zuwa kallo ba, kuma ban taɓa jin ya yaba ba.

Fim ɗin ya zaga lardi-lardi. Ban san ko ya rage kurkunu ba. Abin da na sani shi ne yara a Abakpa sun koma matse tsumma a baki suna hamdala, kuma in muka fito a keke sai su bi mu suna kiran "Mai ƙyalle! Mai ƙyalle!" Ni ba wanda ya gane ni. Sau ɗaya wata mai ƙosai ta ƙura mini ido ta ce kamar ta san ni, ko ni ne dubagarin da ya fasa mata tulu.

Da farko abin ya yi masa daɗi. Mahauta na ƙara masa nama, masu lori na tsayawa su gaishe shi. Muka sake yin wani fim ɗin a kan lamba, wato rigakafin cutar agana, nan ma ni ne mai hankali. Amma a ofis abin ya fara zama matsala. Mutum zai zo da maganar rasuwa ko ta annoba a ƙauyensu, ya ga wanda ke bayan tafireta, sai fuskarsa ta saki. Masinjoji daga wasu ofisoshi suka riƙa ƙirƙiro aike don su leƙo shi. In ya ce wa mutum ya dawo gobe, sai mutumin ya yi dariya ya ci gaba da tsayuwa, yana jiran sauran wasan.

Ranar da abin ya fi tsaya masa ita ce ranar da muka je ta'aziyyar ƙanen mai gidan da muke haya. Da hantsi ne, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa na zaune. Na yi sallama na shiga ba wanda ya ɗago. Shi kuwa da ya sunkuya zai cire takalmi, sai wasu samari a gefe suka fara toshe baki. Wani dattijo ya daka musu tsawa. Muka zauna, aka ɗaga hannu za a yi addu'a, sai na ga wani magidanci, mai furfura a gemu, ya cusa fuska a hannun riga kafaɗunsa na rawa. Ba da mugunta ba ne. Ya dubi abokina ne ya ga ya ɗaga hannu, shi ke nan. Ana shafawa muka tashi.

Mun yi nisa muna tura kekuna kafin ya yi magana.

"Ban yi komai ba fa, Malam."

Na ce, "Na gani."

"Takalmi kawai na cire."

Daga ranar, in aka yi rasuwa yakan bari sai jama'a sun watse, ya je shi kaɗai ya yi gaisuwa a zaure.

Ba a daɗe ba aka tashi ƙarin girma. Lokacin ana ta neman 'yan Arewa da za su hau kujerun da Turawa da mutanen Kudu ke bari, duk wanda ya iya aiki yana sa rai. Ana bukatar akawu da zai riƙe ofishin lafiya a wani lardi. A iya aiki ya fi ni, wannan kowa ya sani, kuma ya riga ni shiga. Ni aka ba. Babban akawu ya kira shi ya yi masa bayani a gabana, ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

"Ba aikinka ne da laifi ba. Amma wurin nan za ka zauna da hakimai, ka ba dubagari umarni. In ka ce a rufe rijiya, wa zai rufe? Za su ce wasa kake."

Abokina ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Da la'asar muka zauna a dakalin ƙofar gida, jirgin kaya na wucewa. Na ce masa ban nema ba. Ya ce ya sani. Sannan ya gaya mini cewa mutanen watsa labarai sun daɗe suna nemansa ya koma wurinsu gaba ɗaya, ya riƙa yin fim, ya bi motar majigi, ya kuma yi wasa a gidan rediyo. Albashin bai kai ba, kuma ba a san inda aikin zai kai mutum ba. Yana ta jan ƙafa ne saboda tsohonsa.

"Yanzu kam an yanke mini," in ji shi. "Ka zo mu tafi tare. Wawa ba ya yiwuwa sai da mai hankali a gefe."

Na ce, "Masu hankali ai suna da yawa. Kowa aka sa wa farar riga zai yi."

Ya ce, "Ba kowa ba. Sauran suna so su ma a yi musu dariya."

Na ce masa ina da maganar aure a gabana, kuma ni aikin ofis ya karɓe ni. Bai matsa ba. Ya taya ni ɗaure kaya, ya raka ni tasha.

Shekarun da suka biyo baya, a rediyo na riƙa jin sa. A garin da aka kai ni akwai akwatin rediyon nan mai waya a ƙofar gidan hakimi da kasuwa, daga baya na sayi tawa mai batir. Wasanninsa na farko ba su yi armashi ba. Duk abin dariyarsa a jiki yake, a wuya da kafaɗa da ƙafa, ga shi an sa shi gaban abin magana ba mai ganinsa. Na ji shi yana ɗaga murya yana ƙoƙari, na kashe.

Da na zo Kaduna hutu na same shi ya rame. Ya ce yakan je tashar mota ya zauna ya rufe ido, yana sauraro kawai. Kaduna kuwa wuri ne da ya dace da haka, don ba bakin da babu: Basakkwace na ciniki da Bakano, Bazazzagi na raba su, ga Banufe da Bayarabe da sojan da ya koyi Hausa a bariki. Kafin shekara ta zagayo ya fito da wani mutum a rediyo, magidanci mai son a ɗauke shi masani, wanda ke fara magana da ƙarfi ya ƙare da neman hanyar fita. Ya koyi yin shiru a rediyo, abin da masu gidan suka ƙi da farko, don suna tsoron a ɗauka na'ura ce ta lalace. Sai a yi masa tambaya, ya yi shiru, ka ji ya ja numfashi, ya ɗan yi gyaran murya, kafin ya ce komai mutane a kasuwa sun fara dariya. A majigi kuma ya samu aka bar shi ya riƙa yin bayanin finafinansa da kansa in yana cikin tafiyar.

Kafin shekarun hamsin su ƙare ya yi aure, mahaifinsa ya rasu, ya bar Abakpa. Bayan samun mulkin kai talabijin ta zo Kaduna, aka haɗa masa jikin da muryar wuri ɗaya, sunansa ya kai inda bai taɓa zuwa ba. Wannan ɓangaren na rayuwarsa mutane da yawa sun fi ni saninsa. Ni ina can ana ta yi mini canjin wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan. Mukan haɗu jefi-jefi, a biki ko a filin jirgi lokacin alhazai. Kullum jama'a na kewaye da shi, yakan fito daga cikinsu ya riƙe hannuna ya tambayi iyali, ni ma in tambayi nasa. Ba mu taɓa saɓawa ba. Hanya ce dai ta rabu, kuma ba ɗayanmu da ya yi wani ƙoƙarin haɗa ta.

Na riga na yi ritaya na koma Zariya lokacin da ya rasu. A rediyo na ji, da safe, ina shirin zuwa gona. Ban samu jana'iza ba. Bayan 'yan kwanaki na shiga mota na je gidansa a Malali, gida madaidaici mai bishiyar mangwaro a tsakar gida. Jama'a sun ragu. Babban ɗansa ne ke karɓar gaisuwa, magidanci mai kama da shi a tsawo, ma'aikacin asibiti. Na yi masa ta'aziyya, muka yi addu'a. Ya ga tsoho ne da bai sani ba, sai ya tambaye ni cikin ladabi ko a gidan talabijin muka yi aiki da marigayin.

Na ce a'a, a ofishin lafiya ne, tebur ɗaya muka zauna.

Ya ce, "Baba ya yi aikin ofis?"

Na ce ya yi, akawu ne, kuma yana da saurin bugu. Ya kira ƙannensa biyu su zo su ji. Aka kawo mini ruwa da goro, na zauna na ba su abin da na tuna, har aka kira azahar. Muka yi salla a masallacin unguwa, ɗayansu ya kai ni tasha a motarsa.